WATA BAKWAI A CIKIN JIRGI: YADDA 'YAN TUDUN KAZAURE SUKA KOYI RUWA

Yau dai sai ku yi mini afuwa, na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, domin wani abu ne ya tono mini tsohon zance. Kwanakin baya ɗan yayata da yake karatu a Birmingham ta ƙasar Ingila ya turo mini wani ɗan bidiyo a waya. Wasu jiragen ruwa ne dogaye sirara, an shafe su da fenti kore da ja, an jere su a gefen wata hanyar ruwa da aka haƙa ta ratsa tsakiyar gari. Ga hayaƙi yana fita ta bututu a saman rufi, ga tukwanen furanni, ga wata dattijuwa tana shanya. A ƙasa sai ya rubuto cewa, "Kawu, ka ga ikon Allah, nan fa gidajen mutane ne, a ciki suke kwana suke tashi." Na yi dariya har sai da maiɗakina ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Yaron bai san kawun nasa ya taɓa yin wata bakwai cur ba shi da ɗaki ba shi da zaure sai cikin jirgi ba.

To amma kafin in kai ku cikin jirgin, bari mu faro daga tudu, domin in ba ku san inda na fito ba, ba za ku gane irin wautar da na tafka ba.

Ƙasarmu ta Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasar duwatsu ce da jan tudu. Tarihin da muka taso muna ji na doki ne da mashi. Ɗan Tunku ya ja daga da Kano a 1819, shekarar da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta, aka yi ta gwabzawa, bayan rasuwarsa a 1824 ɗansa Dambo ya gaje shi. Ka bi wannan tarihi kaf, za ka ji ganuwa, za ka ji tsaunukan da aka fake a cikinsu, za ka ji fatake da jakunansu suna bi ta Babura su nufi Damagaram, amma da wuya ka ji an ambaci jirgi. Ruwan da kakanninmu suka sani shi ne rijiya, da tafki, da rafin da kan yi ambaliya da damina ya koma yashi da rani. Sun da ake yi kuwa na gora ne da koma, idan ruwa ya ja baya a yi gayya a faɗa tafki, a wuni ɗaya a watse.

Babban ruwa baƙo ne a wurinmu, kuma da sauran mutanen da suka ga zuwansa da idonsu. Audu Bako, gwamnan Kano na farko da ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ne ya ɗauki aikin datse koguna da gaske. A lokacin muna cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka yanke Jigawa. An yi Bagauda a 1970, sai farin 1973 ya zo ya kashe dabbobi ya kori jama'a daga garuruwansu, abin da ya ƙara nuna wa hukuma cewa a tare ruwa ko a sha wuya. Aka gama Tiga, a cikin shekarun nan kuma mu ma a Kazaure aka yi mana dam ɗin Ibrahim Adamu da na Muhammadu Ayuba, maƙwabtanmu na wajen Ɗambatta suka sami Tomas, daga baya aka yi Gari da Watari. Magudanan da aka ja daga waɗannan madatsu, irin na Kadawa, na ban-ruwan alkama da shinkafa da tumatir ne, ba a haƙa su domin jirgi ba. Amma a bayan kowace madatsa sai ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, wanda ba ya ƙafewa ko da tsakiyar bazara.

Inda ruwa ya zauna kuwa masu sana'arsa ba sa jiran gayyata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutumin ƙasar Roni, yana saurayi a lokacin. Ya sha ba ni labarin yadda masunta daga ƙasar Kabi da Yawuri da Haɗeja suka sauka a bakin dam da kwale-kwalensu da kallinsu da mamarinsu, 'yan gari suna tsaye daga nesa suna kallon ikon Allah. Shi dai karambani ya kai shi, ya fara da ɗaukar musu kifi zuwa kasuwa, ya koma gyaran raga, har wani Bakabe ya damƙa masa filafili. Kakata ta yi kuka, ta ce a zuriyarsu ba a taɓa yin mai neman abinci a kan ruwa ba.

Da farin 1984 ya zo, gona ta ƙi, sai Kawu ya bi ubangidan nasa zuwa Tafkin Chadi. Abin mamaki shi ne, farin da ya kore su daga gida shi ne ya buɗe musu wuri a can. Tafkin da a farkon shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 ya ja baya ƙwarai, ya bar tsibirai da fadamu masu albarka, ga kifi a cikin ciyayi, ga ƙasar da ake shuka masara da wake ba tare da an jira ruwan sama ba. Jama'a suka yi ta bin ruwan duk inda ya ja, suna kafa ƙauyuka. Sunayen kawai sun ishe ka sanin su wane ne suka kafa su: Sabon Tumbu, Garin Wanzam, Ramin Dorina, Doron Liman, Ba Shakka, har da Fagge da Naira. Babbar kasuwarsu a tsakiyar ruwa ita ce Darak, babbar kwatarsu a gaɓar Nijeriya kuwa Doron Baga, inda ake lodin banda a manyan motoci zuwa kudu.

A 1999 na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, zaman gida ya ishe ni. Bayan an yi girbi Kawu ya zo ganin gida, ya ce yana neman wanda zai riƙe masa lissafi, domin a lokacin ya mallaki jirgin kansa. Haka muka kama hanya a watan Nuwamba, Kano, Potiskum, Damaturu, Maiduguri, Monguno, har Baga. Ina tafe ina hasashen zan ga teku mai shuɗi irin na finafinan Indiya. Da muka isa kwata sai na ga ciyawa ta fi ni tsawo, da wata 'yar siririyar hanyar ruwa da aka sare a tsakiyarta, kamar lungun cikin birni. Ta nan jirage ke bi su yi tafiya mai nisa kafin su fita fili. Masu share hanyar suna nan, kowane jirgi yana ba su ɗan abin da aka yanka.

Jirgin Kawu na katako ne, tsawonsa ya kai taku ashirin, da injin Yamaha a bayansa. In za mu shiga mu ɗauki gishiri da sukari da kananzir da sabulu da goro da kwalayen zuba kifi, in za mu fito mu ɗauko banda da buhunan masara da wake, da fasinja in an samu. Mu huɗu ne a ciki. Akwai Kawu mai jirgi, akwai tsohon nan Bakabe da ya koya masa sana'a, wanda yanzu shi ne matuƙi, kowa Baba yake ce masa, akwai wani yaro ɗan ƙasar Gwiwa da na girme shi amma ya fi ni sanin komai, sai kuma ni, wanda tun ranar farko Baba ya raɗa wa suna Ɗan Boko. Ɗakinmu shi ne wata rumfa a tsakiyar jirgi, an tanƙwara sanduna an rufa tamfol. Gadonmu buhunan da muka ɗauko, shi ya sa na fi son dawowa da masara a kan tafiya da gishiri. Madafa kuwa rabin duro ne da aka cika da yashi aka ɗora kurfoti a kai, don kada garwashi ya taɓa katako.

Darasin farko na same shi tun kafin mu bar kwata. Na cire sabon takalmina na ajiye a gefen jirgi zan yi alwala, wani jirgi ya wuce ya girgiza namu, sai ga wari ɗaya ya yi tsalle ya lume a cikin kainuwa. Baba ko dubana bai yi ba ya ce, duk abin da ba a ɗaure ba na ruwa ne. Sai a lokacin na lura da cewa komai na jirgin da zare a jikinsa, buta da moɗa da wuƙa, har rediyon da Kawu yake jin BBC da ita. Duk da haka cokula shida muka tafi da su, guda ɗaya ya ga ƙarshen tafiyar, shi ma mun yi ta karɓa-karɓa da shi kamar sarautar gargajiya.

Darasi na biyu shi ne jirgin katako ba ya daina yoyo. Komai kwaltar da aka shafa, komai tsumman da aka cusa a tsakanin katakai, ruwa sai ya tsattsafo. Saboda haka akwai aikin kwarfe ruwa da ɓarin jarka, dare da rana, kowa da lokacinsa. A darena na uku barci ya sace ni. Ban farka ba sai da na ji sanyi a bayana, na shafa na ji tabarmata tana iyo. Buhun sukari guda da ke ƙasa ya narke ya koma rabi. Yaron nan ɗan Gwiwa ya dube ni ya ce, "Yaya, yau kam ka haɗa wa kifi shayi, saura madara." Kawu bai yi faɗa ba, ya dai ce in buɗe littafin lissafi in rubuta rabin buhu a ƙarƙashin sunana, da hannuna.

Akwai kuma abin da marubuta ba su cika son faɗa ba, wato kewayawa. A jirgi babu bayan gida. Can ƙarshen jirgi mutum zai je ya tsuguna ya riƙe igiya, sauran kuma su juya baya, wannan ita ce suturar. In akwai mata a cikin fasinja sai kowa ya daure har a sami tsibiri. Ni da kunya ta hana ni sakewa sai na riƙa bari sai duhun asuba. Ran nan na kama igiyar da ba a ɗaure ta da komai ba, sai ji kake tsundum! Na shiga kururuwa ina salati ina kiran mahaifiyata, domin ban iya iyo ba. Baba ya haska ni da tocila ya ce, "Kai Ɗan Boko, mi kaka yi? Miƙe tsaye!" Da na miƙe sai ga ruwa iya ƙirjina. Tafkin Chadi faɗi gare shi, a wurare da yawa ba shi da zurfi. An yi mini dariya har Darak, amma washegari Baba ya ɗaura mini jarka a ƙirji ya jefa ni ruwa, ya ce shi ba ya tuƙa wanda bai iya iyo ba, don ba ko'ina ne ƙafa ke taɓa ƙasa ba. Sati biyu yana yi mini haka har na iya.

Azumi ya same mu a kan ruwa a watan Disamba, ga sanyin hunturu mai shiga ƙashi. Ba ƙaramar jarrabawa ba ce mutum ya wuni da ƙishi ruwa na kewaye da shi ta ko'ina. Sallah ma sai da na koyi dabararta. In aka kafa gora ɗaya aka ɗaure jirgi, iska takan yi ta juya shi a hankali, sai ka kabbarta kana duban gabas ka sallame kana duban inda ka fito. Dabarar ita ce a kafa gora biyu, ɗaya a goshi ɗaya a baya. Abincin buɗa-baki kuwa dole a gama shi a shiga gidan sauro da wuri, domin sauron tafki in magariba ta yi ba ya zuwa ɗai-ɗai. Kifi dai mun ci har ya gundure mu, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da bargi. Akwai ranar da na ga wani kifi mai santsi a cikin kwando na kai hannu, ashe minjirya ce, ta ba ni wani irin shokin da sai da na zauna a cikin tukunyar miya.

Ita kanta hanyar tana da halinta. Ciyawar tafki wata ba ta da saiwa a ƙasa, dunƙule take tana yawo, iska na kaɗa ta. Sai ku bi hanya da safe, ku dawo da yamma ku tarar ta toshe kamar ba a taɓa yin ta ba, sai an fito da adduna. Farfela kuma kullum cikin naɗo ciyawa da tsohuwar raga take, a kashe inji a ɗaga a yi ta yanka. In ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ya karye a inda babu kanti, ƙusa ake cirowa daga jikin jirgi a yanke a sa. In jirage biyu suka haɗu a ƙunci, dokar da ba a rubuta ba ita ce mai lodi ke da hanya, wanda ba shi da kaya ya kutsa cikin ciyawa ya jira. Ban taɓa ganin an yi faɗa a kan wannan ba.

A cikin wannan hali na fara rubuta littafina na farko, a littafin makaranta, da biro. Na ɓoye shi a ƙarƙashin buhu, ba a cikin leda ba. Ruwa ya same shi, tawada ta malale, shafi arba'in suka koma shuɗi. Da na zauna ina jimami sai Baba ya ce in ba su labarin da baki. Haka na riƙa ba su shi dare-dare a cikin gidan sauro, inda na ja zance na ji minshari in san wurin bai yi daɗi ba, inda aka ce "sai me ya faru?" in san na kama hanya. Editocina na farko ke nan.

Duk waɗannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba ya faru ne a watan Maris na 2000, kuma laifina ne.

Baba yana da awonsa. In an gama lodi yakan sunkuya ya auna da hannunsa daga bakin jirgi zuwa fuskar ruwa. In bai kai taƙi guda ba, ba ya tayar da inji. Ran nan a Darak, Kawu yana kwance da zazzaɓi, wani ɗan kasuwa ya same ni da magiya a ƙara masa buhu goma na masara, ya biya kuɗi a hannu har da ihisani. Na buga lissafi na ga riba, na karɓa. Da Baba ya zo ya auna sai ya ga yatsu huɗu. Ya ce a sauke. Na ce ai nauyin bai kai na gishirin da muka taɓa ɗauka ba, na buɗe masa littafi. Kawu ya ji nauyin a mayar da kuɗin da aka riga aka karɓa, ya ce a lallaɓa. A cikin jirgin akwai wata mata da 'ya'yanta biyu ƙanana.

Muna cikin ciyawa lafiya lau. Da muka fita fili sai iska ta taso daga arewa maso gabas, igiyar ruwa ta fara dukan gefen jirgi tana zubowa ciki. Mu biyu muna kwarfa, abin da ke shigowa ya fi abin da muke fitarwa. Na ɗaga kai na ga matar nan ta rungume 'ya'yanta ta rufe musu fuska da mayafi, bakinta yana motsi. Har yau in na rufe ido ina ganin ta. Baba ya daka tsawa a zubar da kaya. Da hannuna na tura buhu shida cikin ruwa, jirgi ya ɗan ɗago, ya karkata da mu a hankali har muka kutsa cikin ciyawa, a nan muka kwana. Bai ce da ni uffan ba sai da gari ya waye, sannan ya ce, "Ɗan Boko, ruwa bai shiga aji ba, bai san lissafinka ba. Taƙi ya sani." Ladan wata bakwai da na yi wa Kawu aiki kusan duk a biyan masarar nan ya tafi, kuma ban taɓa jin an zalunce ni ba.

To bari mu koma kan bidiyon ɗan yayata, domin ya sa na yi ɗan bincike, na kuwa tarar mutanen Ingila ma ba don marmari suka fara kwana a jirgi ba. A 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater domin kai kwal Manchester, wani magini mai suna James Brindley yana cikin waɗanda suka yi aikin. Daga nan aka yi ta haƙa irinta a faɗin ƙasar. In hanya ta zo hawa tudu, sai a gina wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a cika ruwa ya ɗaga shi sama, ko a rage ya sauke shi ƙasa. Da yake ɗakunan nan faɗinsu ƙafa bakwai ne, dole aka riƙa ƙera jiragen sirara, tsawo kuwa wajen ƙafa saba'in. Doki ne ke jan su da igiya daga gaɓa. In an zo ramin da aka huda ta ƙarƙashin tudu, inda doki ba shi da wurin bi, sai mutane su kwanta a kan jirgi su riƙa tura bango da ƙafafunsu har a fita.

Da jirgin ƙasa ya zo daga 1830 ya fara ƙwace musu kaya, sai kuɗin dako ya faɗi. Matuƙi ya kasa biyan hayar gida ya kuma biya yaran aiki, sai ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka dawo cikin ɗan ɗakin da ke bayan jirgi, wanda bai wuce ƙafa goma ba. Mata ta riƙe tuƙi, yara su kora doki. Kun ga ashe farinsu da namu duk ɗaya ne, talauci ne ya tura kowa kan ruwa. Bambancin shi ne abin da ya biyo baya. Wani mutum mai suna George Smith na garin Coalville ya yi ta rubuce-rubuce yana kai ƙorafi a kan halin da yaran jiragen nan suke ciki, har majalisa ta yi doka a 1877 cewa duk jirgin da ake kwana a cikinsa sai an yi masa rajista, an kuma ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka. A 1884 aka ƙara mata ƙarfi da masu zagayen dubawa da maganar karatun yara. Wato dai taƙin Baba ne suka rubuta a takarda, suka sa wanda zai riƙa aunawa.

Sana'ar dakon ta mutu a can, musamman bayan tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 da ya daskarar da ruwa jirage suka yi makonni ba motsi. Amma hanyoyin suna nan, wajen mil 2,000 a hannun wata hukumar amana da aka kafa a 2012, kuma mutane da yawa suna zaune a jiragen, wasu don sha'awa, wasu don tsadar haya a birane irin Landan. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya sai ya matsa gaba. Na ga su ma suna fama da leda a farfela, da cika tankin ruwa, da zubar da tukunyar bayan gida, da waya da makulli masu faɗawa ruwa. Na ce ashe dokar Baba har Turai ta kai.

Duniyar da na sani a tafki ta watse. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci a shari'ar iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru, a watan Disamba na 2003 Darak da ƙauyuka fiye da talatin suka koma hannun Kamaru. Sannan fitinar Boko Haram ta zo, harin Janairun 2015 ya tarwatsa Baga da Doron Baga. Kawu ya tsira da rigar jikinsa, jirgin kuwa ko labarinsa. Baba ya riga ya rasu kafin nan, Allah Ya jiƙansa. Kawu ya dawo inda ya faro, bakin dam ɗin Kazaure, da ɗan kwale-kwale da kalli.

Abin da ya sa na ga dole in rubuta wannan shi ne, ruwan da aka kawo mana shekara hamsin da suka wuce ya raba ƙauyuka da kasuwanninsu da makarantunsu, jirgi ya zama motar haya, amma ilimin ruwa bai yaɗu kamar yadda jiragen suka yaɗu ba. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya taso daga Badau zai ƙetare dam ɗin Watari zuwa Bagwai ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya da za su je Mauludi, aka kuma danganta abin da lodin da ya wuce kima. Da na ji labarin a rediyo, fuskar matar nan ta Darak ce ta faɗo mini. Tsakanina da wanda ya yi wancan lodin babu komai sai buhu shida da tsawar wani tsoho. Dokoki kam akwai su, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya. Sai dai a bakin kwata, lokacin da mutum goma ke magiya rana tana faɗuwa, ba takarda ce ke hana lodi ba, mutum ne mai iya cewa a'a.

Ranar Sallar da ta wuce na je gaida Kawu, na same shi a bakin ruwa, yara sanye da sababbin kaya sun yi cincirindo suna biyan kuɗi a zaga da su. Wani matashi ya cika kwale-kwale yana shirin turawa. Kawu ya dogara sandarsa ya ƙarasa, ya sunkuya da ƙyar ya auna da hannunsa, ya ce yara huɗu su sauko. Matashin ya ɓata rai, yaran suka yi ta ƙunƙuni, suka dai sauko.

Don haka ya ɗan'uwa mai karatu, in tafiya ta kai ka bakin ruwa, ko kai ko iyalinka, ka dubi tsakanin bakin jirgi da ruwa kafin ka sa ƙafa. In bai kai taƙi ba ka jira na gaba, kuma kada ka ji kunyar faɗa da ƙarfi. Wanda yake kusa da dam ya nemi wanda zai koya wa 'ya'yansa iyo. Shi kuwa ɗan yayata na ba shi amsa cewa in ya sami dama ya shiga jirgin ya sha shayi da mutanen, amma ya ɗaure wayarsa da zare.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kiyaye na baya. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ci gaba da littafinmu daga inda muka tsaya.